ƘARANCIN JINI: IN NAMA YA GAGARA, INA MAFITA?



Ina neman ɗan fili a wannan jarida tamu mai albarka domin in ja hankalin 'yan uwana matasa a kan wani al'amari da muke ɗaukarsa ƙarami, alhali kuwa yana cin mu ta ciki kamar yadda gara ke cin azara. Wannan al'amari shi ne ƙarancin jini, da kuma irin abincin da muke cusa wa cikinmu safe da yamma a wannan zamani da nama ya zama sai wane da wane.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ya faru da mu kwanakin baya. Matar wani ɗan uwanmu ta haihu, ta zubar da jini mai yawa, aka ce ana bukatar leda biyu cikin gaggawa. Bayan sallar Isha'i muka ɗunguma mu shida zuwa asibiti, kowa na cika baki cewa a fara da shi. Da aka soki yatsunmu aka gwada, sai aka ce mutum uku ba za a ɗauki nasu ba, domin jinin da ke jikinsu bai kai mizanin da ake bukata ba. Ni ina cikin ukun nan. Ma'aikacin ɗakin gwajin ya dube ni ya ce, "Malam, je ka nemo na kanka tukuna." Cikin ikon Allah na sauran ya wadatar, baiwar Allah ta tashi. Amma na kwana ina tunani: da dukkanmu shida haka aka ce mana fa? Samari majiya ƙarfi, masu shekara ashirin da 'yan kai, a ce ba mu da jinin da za mu taimaki 'yar uwarmu da shi ranar da ta fi bukata!

Daga nan na shiga tambayar masu aikin lafiya, na kuma karanta abin da ya sawwaƙa. Abin da na fahimta shi ne nake son in raba da ku, domin an ce rashin sani ya fi dare duhu.

MENE NE ƘARANCIN JINI?

A cikin jinin ɗan Adam akwai jajayen ƙwayoyi, a cikinsu kuma akwai wani sinadari da ake kira himogulobin, wanda shi ne ke ɗauko iskar da muke shaƙa daga huhu ya kai ta kowane lungu na jiki. Wannan sinadari ba ya ginuwa sai da ƙarfe. E, ƙarfe dai da ka sani, sai dai ɗan mitsitsi ne, domin duk abin da ke jikin baligi bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasa yana cikin jini ne. Kowace jar ƙwaya tana rayuwa kamar kwana 120 ta mutu, jiki ya kwashe ƙarfen da ke cikinta ya ƙera wata sabuwa da shi. Duk da wannan tattali, namiji yana asarar kimanin miligiram 1 a kowace rana, kuma ba shi da inda zai mayar da shi sai ta hanyar abinci.

In abin da ke fita ya fi wanda ke shiga, jiki zai fara cin ajiyarsa a hankali ba tare da mutum ya ji komai ba. Sai rumbu ya ƙare sannan alamu su bayyana: kasala, jiri in an miƙe tsaye, haki bayan 'yar tafiya, bugun zuciya da sauri, ciwon kai, kasa tsayar da hankali a kan karatu, da ɗashewar tafin hannu da cikin fatar ido. Wasu har sha'awar tauna ƙanƙara ko cin ƙasa take kama su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce namiji baligi yana da ƙarancin jini in himogulobin ɗinsa ya gaza giram 13 a ma'aunin da ake gwadawa da shi, mace in ya gaza 12, mai ciki kuwa in ya gaza 11.

Kada wani ya zaci matsalar ta 'yan tsiraru ce. Babban binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, haka kuma kashi 68 cikin 100 na yaran da ba su kai shekara biyar ba. Waɗannan iyayenmu ne da yayyenmu da ƙannenmu da matanmu.

AN RABA MU DA NAMA BA DA SHAWARARMU BA

A Turai da Amurka akwai mutanen da suka bar cin nama don ra'ayin kansu, a Indiya kuma miliyoyi sun bar shi saboda addininsu. Mu namu daban ne. Aljihu ne ya raba mu da shi, musamman tun daga 2023 da aka cire tallafin man fetur kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi. Da yawa daga cikinmu ba ma ganin nama sosai sai ranar Babbar Sallah ko in an yi suna a unguwa. To amma ga inda gizo ke saƙar: wanda ya bar nama da gangan yakan zauna ya koyi abin da zai maye gurbinsa da shi, mu kuwa an cire mana nama daga kwano ba mu sa komai a madadinsa ba.

Ɗan uwa, duba abincinka na jiya. Da safe shayi da burodi. Da rana garau-garau, wanda shinkafar ta rinjayi waken har sai ka yi ta laluben sa da cokali, ko kuwa garin kwaki da sukari, ko taliyar 'yan yayi ta leda. Da dare tuwon masara da miyar da ta sha wuta da kanwa. Sannan a tafi majalisa a ɗora buta, a sha na ɗaya da na biyu da na uku. Ciki ya cika, amma jini bai samu abin gini ba.

Masana sun raba ƙarfen abinci gida biyu. Akwai na nama da hanta da kifi, wanda hanji ke tsotsar kashi 15 zuwa 35 cikin 100 nasa, kuma bai cika damuwa da abin da aka haɗa shi da shi ba. Akwai kuma na tsirrai, wanda abin da ake tsotsa daga gare shi yana iya faɗuwa har kashi 2, yana kuma iya hawa har kashi 20, gwargwadon abin da ya tarar a ciki. Saboda haka ne cibiyar masana lafiya ta Amurka a 2001, bayan ta ƙayyade wa namiji baligi miligiram 8 a rana, saurayi mai shekara 14 zuwa 18 miligiram 11, mace mai haila miligiram 18, mai ciki 27, sai ta ce wanda ba ya cin nama yana bukatar kusan ninki biyu na wannan. Ke nan ni da kai muna neman kamar miligiram 14 a rana, ƙannenmu 'yan sakandare kamar 20, 'yan uwanmu mata kuwa sama da 30.

Ra'ayina shi ne, wannan tazara da ke tsakanin kashi 2 da kashi 20 ita ce filin da talaka zai yi yaƙinsa. Ba mu da ikon sauke farashin nama, amma muna da iko a kan abin da muke zubawa a tukunya, da yadda muke dafa shi, da abin da muke korawa da shi.

ABIN DA ALLAH YA HORE MANA

Farko dai wake, wanda muke rainawa muna yi masa kallon abincin gidan yari da makarantar kwana. Giram 100 na busasshen wake, wato abin da bai cika gwangwanin madara ba, yana ɗauke da kimanin miligiram 8 na ƙarfe, alhali farar shinkafa mai wannan nauyi ba ta kai miligiram 1 ba. Waken suya ya ma fi haka, domin nasa ya kusa ninki biyu na wake, kuma ga awara nan a kowace kwana. Riɗi yana da wajen miligiram 14, gyaɗa tana da sama da 4. Ashe ke nan ƙosai da alala da ɗanwake da awara da kantu da ƙuli-ƙuli da gurjiya, waɗanda muke ɗauka kayan marmari na yara da mata, su ne maginan jinin talaka. Haka nan daddawa, wadda wasunmu suka kora daga miya don wai tana wari.

Na biyu, hatsinmu na gado. Gero da dawa sun fi farar shinkafa da garin rogo ƙarfe nesa ba kusa ba. Har ma a 2018 an fitar da wani irin gero a Jamhuriyar Nijar mai suna Chakti, wanda masana aikin gona na cibiyar ICRISAT suka samar domin yawan ƙarfen da ke cikinsa. Wanda ya bar tuwon gero da fura da kunu ya koma wa shinkafa 'yar gwamnati dare da rana don a ce ya waye, to ya sani ya yi sakin na hannu.

Na uku, ganyaye: zogale, alayyahu, rama, yakuwa, ganyen wake, ugu da kuka. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, a matsa masa lemon tsami, abinci ne da ya haɗa ƙarfe da abin da ke taimaka wa jiki ya karɓe shi, kuma kuɗinsa bai kai na tsire tsinke biyu ba.

ABOKIN ƘARFE DA ABOKIN GABARSA

Babban abokin ƙarfen tsirrai shi ne bitamin C. In suka haɗu a ciki lokaci guda, abin da hanji ke tsotsa yana iya ninkawa. Ana samunsa a gwaiba, lemon zaƙi, lemon tsami, mangwaro, gwanda, ɗanyen tumatir, tattasai, kabeji, da garin 'ya'yan kuka wanda ake damawa a sha. Sharaɗin shi ne a ci su tare da abincin, kuma a sani cewa doguwar dahuwa da kanwa suna kashe wannan bitamin. Don haka ganye a sa shi daga ƙarshe, kanwa a rage ta, sannan a yanka ɗanyen tumatir da tattasai a kan wake maimakon mai da yaji kaɗai.

Akwai kuma wani sinadari a jikin hatsi da wake da ke riƙe ƙarfe ya hana shi shiga jini. Abin mamaki, iyayenmu mata sun daɗe da maganinsa ba tare da sun shiga aji ba. Jiƙa hatsi ya kwana, barin ƙullu ya yi tsami kamar na koko da waina, da barin hatsi ya yi tsiro, duk suna rage ƙarfin wannan sinadari. Wake ma in an jiƙa shi tun dare an zubar da ruwan, ya fi saurin nuna, ba ya bukatar kanwa mai yawa, ga kuma sauƙin gawayi.

Yanzu sai mu zo kan wanda na san zai sosa wa 'yan uwa rai, wato shayi. A cikin ganyen shayi akwai sinadarin da ke ba shi ɗacin nan da bauri, kuma shi ne ke kama ƙarfen tsirrai a cikin ciki ya ɗaure shi har ya fita ba a amfana da shi ba. Tun 1975 likitoci a Afirka ta Kudu suka tabbatar da haka, binciken da aka yi daga baya kuma ya nuna cewa kofin shayi a kan abinci yana iya rage abin da jiki zai karɓa da fiye da rabi. Kofi ma yana yin haka, ko da yake bai kai shayi ba. To ka ga wanda ya ci wake ya kora da shayi mai kauri, ɗibar ruwa yake yi da kwando.

Ban ce a fasa buta ba, kada 'yan majalisa su yi mini ca. A 2017 an yi gwaji a Ingila aka ga cewa in an bar tazarar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi, illar tana raguwa ƙwarai. Abin da ake nema ke nan: ka ci abincinka, ka bari awa ɗaya ko biyu ta wuce, sannan ka ɗora butarka. Wannan ya fi shafar mu lokacin azumi, na Ramadan ne ko na Litinin da Alhamis, domin cin namu ya koma sau biyu kacal, kuma sau biyun nan duk da shayi muke rufe su. Ka buɗe baki da dabino da ruwa, ka ci ƙosanka da kununka da ɗan lemo ko gwaiba, shayin kuwa ka ajiye shi sai bayan Isha'i.

WASU KURA-KURAI DA YA KAMATA MU GYARA

Da zarar an ce wa mutum jininsa ya yi ƙasa, sai ka ga 'yan dubiya sun cika masa gado da lemon malt da madarar gwangwani, wai a haɗa a sha jini ya dawo. Alal haƙiƙa madara ba ta da wani ƙarfen kirki, sinadarin kalsiyam da ke cikinta ma yana ɗan tauye shigar ƙarfe, malt kuwa yawancinsa sukari ne. Kuɗin da aka kashe a kansu da hanta aka saya wa mara lafiyar, ko kifi, ko mudun wake da gwaiba, da ya fi. Haka nan masu cewa duk abin sha mai launin ja yana ƙara jini, su sani launi ba ya zama jini. Dabino abinci ne mai albarka mai mayar da kuzari, amma ƙarfen da ke cikinsa kimanin miligiram 1 ne a giram 100, don haka kada a dogara da shi kaɗai.

Kuskure mafi haɗari shi ne sayen maganin ƙarin jini a tasha ko a bakin kasuwa a yi ta sha ba gwaji. Ba kowane ƙarancin jini ne na rashin ƙarfe ba. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa jajayen ƙwayoyi. Akwai tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafar wanda ke yawo ba takalmi a inda ake bahaya a fili, ta maƙale a hanji tana zuƙar jini. Akwai tsargiya da ake ɗauka wajen wanka a kududdufi da madatsar ruwa. Akwai gyambon ciki da basir mai zubar da jini. Akwai kuma amosanin jini, wato sikila, wanda mai shi bai kamata ya taɓa ƙwayar ƙarfe ba sai da umarnin likita, domin jiki ba shi da hanyar fitar da ƙarfen da ya yi masa yawa, sai ya taru ya illata hanta da zuciya. Namiji baligi in aka same shi da ƙarancin ƙarfe, wajibi ne a bincika ko akwai inda jini ke tsiyaya a cikinsa. Wanda likita ya rubuta wa ƙwayar kuma, ya sha har iya watannin da aka ce masa ko da ya ji sauƙi, ya kuma ɓoye ta daga yara, domin in yaro ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi.

Sannan akwai bitamin B12, wanda shi ma jini ba ya ginuwa sai da shi, kuma ba a samunsa a tsirrai. Nono da kindirmo da ƙwai da kifi su ne hanyarsa ga wanda nama ya gagara. Ko busasshen kifi ɗan kaɗan aka jefa a miya ya yi aiki biyu, domin ban da abin da ke cikinsa, yana kuma taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen ganye da na wake.

MASU CEWA...

Na san wani zai ce, "Kakanninmu ba su san miligiram ba, amma sun yi noma da fatauci a ƙafa." Gaskiya ne. Sai dai ka tambayi tsohon gidanku abin da suka ci: gero, dawa, wake, daddawa, ganyen daji, fura da nono. Ba su tashi da farar shinkafa da lemon kwalba ba, kuma ba su kwana a gindin buta ba. Abin da nake kira gare shi ya fi kusa da kwanonsu fiye da wanda ke gabanmu yau.

Wani kuma zai ce, "Wannan ai koya wa talaka haƙuri da talauci ne." A'a. Haƙƙin kowane mutum ne ya samu nama da kifi da ƙwai daidai gwargwado, kuma wanda Allah Ya hore masa ya saya wa iyalinsa, kada ya fake da wannan rubutu ya yi rowa. Amma jikinka ba zai jira ranar da kaya za su sauko ba. Kullum sai ya yi asarar miligiram ɗinsa, ko kasuwa ta yi daɗi ko ba ta yi ba, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

KIRA GA 'YAN UWA

Daga ƙarshe ina kira ga kowane ɗan uwa da ya je ya gwada jininsa ko sau ɗaya, gwajin ba ya cin lokaci kuma kusan kowane ƙaramin asibiti ana yin sa. Masu ba da gudunmawar jini su sani cewa leda ɗaya tana tafiya da miligiram 200 zuwa 250 na ƙarfe, kuma mayar da shi yana ɗaukar watanni, saboda haka kada a sake bayarwa kafin wata uku, a kuma kula da abinci a tsakani. Masu yi wa 'yan uwa girki a wajen taro ko a ɗakunan ɗalibai su ƙara wake a kan shinkafa, su raba lemo ko gwaiba tare da abinci, su jinkirta shayi.

Magidanta da masu shirin aure kuma, ga amana a wuyanku. Mun ga cewa bukatar mace ta ninka ta namiji fiye da sau biyu, ta mai ciki kuwa fiye da sau uku. Amma a gidaje da yawa in an samu 'yar tsoka ɗaya a miya, kwanon maigida take faɗawa, wani ma ya tsaya wajen mai tsire ya ci shi kaɗai ya goge baki kafin ya shiga gida. Wallahi wannan ba adalci ba ne. Mai ciki da mai shayarwa da yaron da aka fara ba abinci su suka fi cancantar wannan tsoka. Ka tabbata matarka tana zuwa awo, tana kuma shan ƙwayoyin da aka ba ta, domin macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar da wata za ta jure ita tana iya kai ta kabari.

Ni dai tun daga daren nan na asibiti aka duba ni, aka ba ni maganin tsutsa da na ƙarfe, na raba shayina da abincina, na kuma ƙulla zumunci da mai awarar layinmu. Bayan wata huɗu na koma aka gwada, aka ce jinina ya kai. Ina fata ranar da za a sake neman mu cikin dare, mu shidan nan duka mu miƙa hannu a ɗiba.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya yalwata mana abinci na halal. Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure Ya yafe mini.